Ɗana, da bak A ba a shiga likitanci

Saƙonka ya same ni da dare, ina cikin jirgin ƙasa ina komawa gida daga aiki. Na yi murnar cin jarrabawarka ta BEPC, Allah ya ƙara basira. Sauran maganar ce ta hana ni barci: wai segond A, ajin farko na lise a ɓangaren adabi, za ka shiga don lissafi yana wahalar da kai, in ka samu bak, takardar gama lise, kuma ni kawu in nemo maka hanyar karatun likita a Turkiyya. Bana kai ne na huɗu da ya aiko min irin wannan daga Damagaram.

Ba ni da wannan hanyar, kuma ban san mai ita ba. Wanda ya fito da bak A ba ya shiga likitanci, ko haɗa magunguna, ko injiniyanci. Ba a ƙasar waje kaɗai ba, ko a jami'ar André Salifou da ke bayan gidanku, ko Abdou Moumouni ta Yamai, bak C ko D na ɓangaren kimiyya za a tambaye ka. Mai C ko D in ya ga dama gobe ya koma shari'a ko tattalin arziki, ƙofa a buɗe take. Mai A ba ya tsallakowa wannan gefen.

Ni aka yi wa, shi ya sa nake da zafi a kai. Ranar da aka raba mana takardar zaɓi, wani mushe cikin malamanmu ya ce duk wanda lissafi bai karɓe shi ba ya rubuta A ya huta. 'Yan fadarmu ta shayi duk A suka rubuta, na bi su. Kakanka na kasuwar Dole yana fama da fatu, bai san bambancin A da C ba, aka nuna masa wuri ya dangwala yatsa. Bayan shekara uku na ɗauki takarduna cikin leda na tafi Yamai, raina cike da burin haɗa magunguna. Ma'aikacin bai ko buɗe sauran ba. Harafin nan ɗaya ya gani, ya turo min su ta ƙarƙashin gilashi. Har yau ina jin ƙarar ledar nan.

Kuma lissafin da na guje wa a gida na zo na tarar da shi a Konya ta Turkiyya yana jirana, cikin Turkanci, cikin sanyin da ke fasa leɓe. Tattalin arziki aka ba ni, sau biyu ina faɗuwa darasin lissafi. Na zauna na koye shi daga tushe ina da shekara 22, ba wanda ya riƙe min hannu, na gama, yau ina aiki a kamfanin da ke tura kaya Afirka ta Yamma daga Istanbul. Da gumina na samu. Amma ba shi na so ba.

Ka san kuma abin da Türkiye Bursları, tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, ke nema: maki kashi 70 cikin 100 ga digirin farko, kashi 90 ga likitanci da haƙori da magunguna, shekaru ƙasa da 21. Auna da makinku na bisa 20: 14 ke nan da 18. Wanda aka ceto a zagaye na biyu da 10 kada ma ya wahalar da kansa. In an ɗauke ka, shekara guda ta koyon harshe ce, sannan shida na likitanci.

Ban raina A ba. In shari'a ce ko harsuna ko jarida ke ranka, shiga da ƙarfinka. Tsoro ne ban yarda ya zaɓa maka ba. In likitanci ne da gaske, rubuta segond C, badi ka bi D, inda ilimin halittu da fizik da shimi ke da nauyi. Ka nemi ɗan jami'a mai koyar da lissafi da yamma, ni zan riƙa biya duk wata. Ka adana takardun makinka na shekarun nan uku, kada ko ɗaya ta ɓace. Kafin ka miƙa takardar zaɓin, ɗauki hotonta ka turo min, kuma ka ba Yaya waya in yi magana da ita.