Darussan gina shafin intanet na kyauta: wanne zan bi?

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maradi. Wata uku ke nan ina koyon gina shafin intanet da kwamfutar yayana. Darussan kyauta sun yi mini yawa, na Faransanci da na Ingilishi, wannan ya ce kaza wancan ya ce kaza, kuɗin forfe kuma sai tafiya yake. Ta yaya zan gane na ƙwarai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko ka cire ido daga yawan masu kallo. Sau da yawa bidiyo yana tara miliyoyi ne don ya daɗe a YouTube, daɗewar nan kuwa ita ce cutarsa.

Tsufan darasi yana fitowa a cikin rubutun da malamin yake yi, ko da bai sa kwanan wata ba. In ka ga yana gyara rubutu da <font> ko <center>, ko yana tsara shafi gaba ɗaya da <table>, to ya tsaya a zamanin da ya gabaci HTML5, sabon salon HTML (harshen da ake rubuta shafi da shi) wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar tun 2014. Yau da Flexbox da Grid ake tsari, Grid ɗin ma tun 2017 manyan manhajojin buɗe shafi suka karɓe shi. A JavaScript, harshen da ke sa shafi motsi, in kalmar var kaɗai yake sa wa, ba let ba const, to ya tsufa, don waɗannan biyun sun shigo tun 2015. Wanda ya fi ɓata wa ɗalibi rai shi ne na harshen PHP: darasin da ke amfani da umarnin mysql_connect. An cire shi a PHP 7 cikin 2015, sai ka kwana kana neman kuskurenka alhali laifin ba naka ba ne. Mai koyar da Flash, tsohuwar fasahar sa hotuna masu motsi a shafi, kam, ka yi masa sallama, an rufe wannan babin a ƙarshen 2020.

Ba kowane tsohon darasi ne na yarwa ba. Tushen HTML bai cika canzawa ba. Kayan aikin JavaScript irin su React ne suke sake kama da sauri, can ne shekara biyu ko uku take da nauyi.

A kasuwar hatsi ba a yarda da bakin mai sayarwa, tiya ake kawowa a auna. Tiyarka a wannan sana'a ita ce MDN, shafin Mozilla da ke bayanin ƙa'idojin gina shafin intanet. Duk abin da malami ya koya maka, nemi sunansa can. In an daina aiki da shi za ka tarar da gargaɗi a saman shafin. Akwai fassarar Faransanci, sai dai wani lokaci ta Ingilishi tana gaba da ita. Shafin darussa na W3Schools kuwa, kar sunan ya ruɗe ka, ba ta da alaƙa da W3C. Tana da daɗin gwaji cikin gaggawa, amma ba ta zurfafawa.

Awon da na fi yarda da shi ga shi. Ka gama babi, ka rufe darasin, ka gina wani abu dabam da wanda aka nuna maka: shafin telan unguwarku, da hoton ɗinki uku da farashi a sefa da lambar waya. In ka zauna ka kasa rubuta layin farko, kwafe aka koya maka, ba gini ba. Shi ya sa nake tura masu farawa freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014: kai kake rubutawa da hannunka a kowane mataki, kuma galibinsa rubutu ne, ba ya cin forfe kamar bidiyo. The Odin Project ya fi shi wuya, zai sa ka girka Git, manhajar adana sauye-sauyen aikinka, da kanka, kuma sai da Ingilishi mai ƙwari. Ga mai Faransanci akwai OpenClassrooms da bidiyoyin Grafikart, amma su ma ka duba shekarar kowane darasi.

Ka lura kuma ko malamin yana yin kuskure a gabanka ya danna maɓallin F12, wanda ke buɗe kayan binciken shafi, ya gano inda matsalar take. Wanda komai nasa ke tafiya sumul ya yanke wurin da ka fi buƙatar gani. Wanda ya ce a kwana 30 za ka ƙware, ko ya nemi ka turo kuɗin takardar shaida kafin ka gina komai, bar masa kayansa.

Zaɓi ɗaya ka bi shi har ƙarshe, MDN a gefe. Shafin telan nan ka wuce da shi ta validator.w3.org ya duba maka kurakurai, ka ɗora shi a intanet kyauta ta GitHub Pages, sannan ka ari ƙaramar wayar wani ka buɗe shi a inda rezo ba shi da ƙarfi, don da irin wannan wayar abokan cinikinsa za su duba.