Amsa Ga Ƙanen Da Ke Son Zuwa Jamus Ya Kafa Kamfani

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka kammala digiri na biyu a fannin ƙananan halittu a Kano, kana neman gurbin digirin digirgir a Jamus, kuma burinka ka mayar da bincikenka kamfani kamar yadda masu BioNTech, kamfanin Jamus da ya yi allurar rigakafin korona, suka yi. Madalla da wannan buri. Amma bari in fara da abin da ba wanda ya gaya mini sai da na ƙone hannu.

Duk abin da ka gano a ɗakin gwaje-gwajen jami'a alhali kana karɓar albashinta, ba kai kaɗai ke da shi ba. Dokar Jamus ta wajabta wa ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa a rubuce idan ya ƙirƙiro wani abu, kuma jami'a na da damar karɓe haƙƙin. A da farfesoshi ne ke riƙe da haƙƙin ƙirƙirarsu, amma an soke wannan gatan a 2002. Yanzu mai ƙirƙirar yana samun kashi 30 cikin ɗari na abin da jami'a ta samu, idan kuma kana son kafa kamfani a kai, sai ka zauna da ofishinta na sayar da fasaha ku yi ciniki, tamkar mai neman hayar shagon da shi ya gina.

Ni aikina a kan takardar gwaji ce mai arha da ke gano gubar aflatoxin a gyaɗa da masara, abin da ke sa a ƙi karɓar kayanmu a kasuwannin Turai. A shekara ta biyu na kai fosta wani taro, na bayyana komai don a yaba mini. An yaba. Bayan wata uku lauyar jami'a ta ce da ni wannan ɓangaren ya tafi, domin a Turai abin da ka riga ka bayyana wa jama'a ba a yi masa rajistar haƙƙin mallaka. Amurka ce ke ba da rangwamen shekara guda. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Don haka rajista tukuna, sannan fosta ko maƙala.

Batun biza kuma, takardar zaman ɗalibi ba ta ba ka damar buɗe sana'ar kanka kai tsaye, sai da izinin ofishin baƙi. Idan ka gama karatu a nan, ana ba ka wata 18 na neman aiki, kuma sashe na 21 na dokar zama ya sauƙaƙa wa waɗanda suka yi karatu ko bincike a Jamus su kafa kamfani da ya dace da fanninsu. Akwai tallafin gwamnati mai suna EXIST da ke biyan mai digirin digirgir Yuro 3,000 a wata na shekara ɗaya, ta hannun jami'a ake nema, kuma ana son ku zama ƙungiya, mutum uku iyaka. Nemi wanda ya iya lissafi da Jamusanci a cikinku, don wasiƙun haraji ba sa zuwa da Turanci. Kamfanin GmbH, wato irin kamfanin da ake kira limited a wajenmu, yana buƙatar jarin Yuro 25,000, ƙaramin nau'insa UG kuwa ko da Yuro ɗaya ana iya yi masa rajista.

Su Uğur Şahin da Özlem Türeci da kake misali da su, 'ya'yan baƙi ne daga Turkiyya, gaskiya ne. Sai dai sun kafa BioNTech a Mainz a 2008, bayan sun riga sun kafa Ganymed a 2001, kuma attajirai 'yan'uwa biyu, su Strüngmann, suka zuba musu jari mai kauri. Duk da haka ba su kai wani magani kasuwa ba sai ƙarshen 2020.

Kafin ka taso, je Dawanau ka zauna da dillalan gyaɗa da riɗi, ka tambaye su wane gwaji masu saye ke nema, nawa suke biya, kwana nawa suke jiran sakamako. Ni sai a shekara ta huɗu na yi wannan, na tarar farashin da na sa wa takardar gwajin ya fi ƙarfinsu. Turo mini taƙaitaccen tsarin bincikenka, amma kada ka saka sirrin dabarar a ciki, ko ni ma. A gaida su Baba.