Filin Tambaya: Wai sai mun samu kamfani kafin mu fara kiɗan gita?

TAMBAYA: Salam Yaya, dan Allah ina son ƙarin bayani. Mu huɗu ne a Unguwar Rimi, biyu na kaɗa gita, ɗaya ganga, ni kuma waƙa. Wani abokinmu da ya dawo daga karatu ya kunna mana wasu turawa Arctic Monkeys, ya ce su indie ne kuma wai intanet ce ta yi su dare ɗaya. Mene ne indie ɗin, kuma da gaske ne? Mu dai gani muke in ba kamfani ko wani mai kuɗi a bayanka wahalar banza kake. Daga Abba, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Indie asalinsa dai mai zaman kansa ake nufi, wato mawaƙan da basa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, ko su fitar da kayansu da kansu ko ta hannun wani ƙaramin kamfani, daga baya ne sunan ya manne wa wani salon kiɗan gita. Amma maganar dare ɗaya kam abokinku ya yi muku gajeren labari.

Yaran nan 'yan wata unguwa ce High Green a gefen birnin Sheffield na Ingila, kuma a 2002 suka haɗu, Alex Turner mai waƙa da gita, Jamie Cook gita, Matt Helders ganga, sai Andy Nicholson mai gitar nan mai kaurin murya. A lokacin duk basu wuce shekara 16 zuwa 17 ba kuma ba wani gwani a cikinsu, koyo suke. Sai a watan Yuni 2003 suka fara tsayawa gaban jama'a a wata 'yar mashaya mai suna The Grapes, abun da aka sallame su da shi fam 27 ne, a raba wa mutum huɗu ka ga ai ko kuɗin igiyar gita da ƙyar.

Toh ga inda labarin yake da daɗi. Sun riƙa shiga wani ƙaramin situdiyo suna ɗaukar waƙoƙin gwaji su kwafa a faifan CD, in an tashi daga wasa su raba wa mutane kyauta, ba sisi. Waɗanda suka samu su kuma suka riƙa zuba su a intanet suna tura wa juna, har shafinsu na MySpace, wani dandalin sada zumunta na wancan lokacin, da ake ta yayatawa masoya ne suka buɗe ba su ba. Sakamakon haka sai su je garin da basu taɓa takawa ba su tarar jama'a na rera baitocin tare da su tun faifai bai fito kasuwa ba. Sai da ta kai haka sannan a 2005 suka sa hannu da Domino, wanda shi ma kamfani ne mai zaman kansa, waƙarsu ta hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya a Oktoban shekarar, kundinsu na farko ya fito Janairu 2006 ya sayar da sama da kwafi 360,000 a sati guda. Ka lissafa da kanka, daga 2002 zuwa 2006 wane irin dare ne wannan?

Abun da ni ya fi burge ni ma ba cinikin bane. Turner da harshen unguwarsu yake waƙa, baya kwaikwayon bakin 'yan Amurka, kuma abun da yake gani yake faɗa, layin shiga gidan rawa, masu gadin ƙofa, neman tasi da tsakar dare. Na taɓa zuwa kallon wasu samari a wani fili ta wajen Barnawa, kiɗan nasu wallahi ba laifi amma mawaƙin ya dage sai turancin da shi kansa bai zauna masa a baki ba, mutane na ta danna waya, da aka ɗauke wuta mai gitar ya ja wani ɗan baiti da Hausa kan cunkoson Kawo don kar wurin ya mutu, nan take kowa ya ɗago kai har da masu tafi.

Kuma kar ka ce ai wannan Ingila ce. Mdou Moctar buzu ne daga Nijar, gitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, kundinsa na farko a nan Sakkwato ya ɗauka a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka faɗa kunnen wani ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, yau ga shi yana zaga duniya da Buzancinsa.

Ku naku ma ya fi sauƙi tunda akwai WhatsApp da TikTok. Matsalarku ta gaskiya wurin atisaye ce da kayan ganga, don cikakken saiti akwai tsada ga maƙwabta ba zasu ɗauki ƙarar ba. Ku tsallaka gada ku yi abota da makaɗan coci na su Sabon Tasha da Narayi, su ke da kaya kuma da yawansu sun iya gita sosai. Ku haɗa waƙa biyar taku ta kanku, ku nemi bikin makaranta ko dina ku yi ko kyauta ne. Sannan tun yanzu ku zauna ku yi magana kan rabon kuɗi da sunan wanda ya rubuta me, ko su Arctic Monkeys ɗin Nicholson bai kai ƙarshen 2006 da su ba, Nick O'Malley ne ya maye gurbinsa. In kun ɗauki ta farko ku turo min in ji.