Ga mai tambaya kan jagorancin uba a gida

Ƙanena, ka ce matarka ta fi ka sanin Littafi Mai Tsarki, tana cikin Zumuntar Mata tun kafin ku yi aure, kai kuwa da ka fara addu'a a gaban yara sai magana ta ƙare maka. Ga Fasto kullum yana cewa uba shi ne firist na gidansa. Kana tambaya ko ka sakar mata ragamar kawai.

Kada ka sakar mata, kada kuma ka ƙwace. Ba wa'azi ake nema a wurinka ba.

Mahaifina leburan haƙar kuza ne a wajen Bukuru, bai iya karatu ba har ya koma ga Ubangiji. Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, yana cikin akwatinsa, an naɗe shi da tsohon zane. Da asuba, ko a sanyin Janairu da ruwan randa ba ya taɓuwa, shi ne mai buga ƙofa. Mu fito a lulluɓe da bargo, ya miƙa wa yayana littafin ya ce karanta, Mama ta ɗauki waƙa daga Littafin Waƙoƙi, shi kuma ya rufe da addu'a. Addu'ar ba ta da tsawo, kusan iri ɗaya ce kullum, amma sai ya kira sunan kowane yaro, har wanda ya ɓata masa rai jiya. Ba wanda ya taɓa shakkar waye jagora a gidan, alhali wani ne yake karatu, wata ce take waƙa.

Duba abin da Nassi ya ɗora wa uba. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa yara maganar Allah ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Ba bagade a ciki, ba makirfo. Ayuba sammako yake yi ya miƙa hadaya saboda 'ya'yansa. Eli kuwa firist ne da kansa, ya san shari'a sarai, amma gidansa ya rushe don bai hana 'ya'yansa Hofni da Finehas yin mugunta ba. Ashe ba ilimi ne ya gagare shi ba.

Inda na fi ganin maza suna ɓata abin shi ne mayar da sujadar iyali kotu. Ina cikin dattawan ikilisiya a Tudun Wada, ƙararraki irin wannan suna zuwa mana. Uba ya buɗe Afisawa 6, ya karanta aya ta 1 da ƙarfi, "ku yi biyayya", ya rufe littafi ya fara lissafa laifin kowa, daga wanda ya fasa kofi har zuwa uwar da ta cika gishiri a miya. Aya ta 4, wadda ta hana ubanni tsokanar 'ya'yansu har su yi fushi, ba ya kaiwa can. Yaran irin wannan gida suna shiga jami'a suke ajiye coci, sai uban ya zo yana cewa duniya ta lalace. Ba duniya ba ce. Gani ya kori ji: yaron da ya ga babansa ya ɗaga hannu yana waƙa ran Lahadi, ran Litinin ya ɗaga wa mamarsa hannun nan, ba ayar da za ta shiga kunnensa.

Mu mutanen Jos mun ma ga amfanin abin da idonmu. A rikicin Satumba 2001 da dokar hana fita ta kulle mu, da kuma kullen korona a 2020, ba Fasto, ba makarantar Lahadi. Gidan da aka saba taruwa bai rasa sujada ba. Wasu gidajen kuwa shiru, kowa da wayarsa.

Game da matarka, ka gode wa Allah. Bulus ma da yake yabon bangaskiyar Timoti, kakarsa Lowis da mamarsa Afiniki ya ambata. Sai dai ku yi magana ku biyu tukuna, ta san ba za ta riƙa gyara maka karatu a gaban yara ba. Wannan ƙaramin abu ya hana maza da yawa sake buɗe baki.

Tunda ka ce tuƙin keke kake yi, kana fita kafin gari ya waye, ku mayar da taron bayan tuwon dare. Minti 10 ya isa. Ka kashe wayarka kai ma, ku fara da Markus, shi ne mafi gajarta cikin Bisharu huɗu, sura 16 ne kawai. Babban yaron ya karanta, ita ta bayyana, kai ka tambayi kowa abin da yake damunsa ka kai wa Allah. Ranar da ka dawo a gajiye, ko Addu'ar Ubangiji ce ku yi tare kafin a kwanta.