Kekunan haya: gyara kafin lalacewa ya fi araha

Wani ɗan kasuwa ya rubuto mana cewa yana da kekuna 14 da yake bayarwa haya a wani filin shaƙatawa, akwai masu taya uku, akwai dogaye na mutum biyu. Ciniki ba laifi, amma kuɗin gyara na cinye riba, kuma a Sallar da ta wuce biyar daga ciki a jingine suka yi bikin. Yana tambaya ko ya sayar da su ya sayi sababbi.

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ka sayar tukuna. Sababbin ma haka za su koma muddin sai keke ya tsaya kake neman mai gyara. Kuma asararka ta gaskiya ba kuɗin kaca ko na faci ba ce, hayar da kekuna biyar ba su kawo ba ce a ranakun da yara suka yi layi da kuɗi a hannu.

Fara da ba kowane keke lamba, ka buɗe masa shafi a littafi: abin da ya shigo da shi, abin da ya ci. Cikin wata biyu za ka gane wanda yake ciyar da kai da wanda kake ciyarwa. Sannan ka riƙa ware naira ɗaya cikin kowace goma ta haya a asusun gyara, kada ta shiga cefane.

Kullum da safe yaronka ya matsa birki, ya taɓa taya, ya girgiza sirdi da kan keke. Iskar da taya ke buƙata a rubuce take a gefenta. Taya mai laushi ita ce ke tsinke tiyub da zarar an hau dutse.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne kaca, don ita ce ke cin kuɗi a ɓoye. Cikakkiyar gaɓa 12 (wato ta ciki da ta waje a haɗe, gaɓa ɗaya) ta sabuwar kaca inci 12 ce cif. Ɗora mata tef ɗin tela duk wata. In ta ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, canja ta. In ka bari ta kai ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran giya, sai ka sayi duka. Kuma don Allah a daina zuba mata baƙin man mota, musamman da hunturu. Ƙura yake kamawa ya zama tamkar dutsen wāshi. A goge, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa.

Masu taya uku ba sa karkata a kwana, don haka nauyi na bugun wilin baya ta gefe, wayoyinsa su yi ta kwancewa. A ɗaure su duk mako. Na mutum biyu kuwa kaca biyu gare shi, da doguwar wayar birki da ba kowane shago ke ajiyewa ba. Kayan keken Phoenix ko'ina akwai, na waɗannan sai an nema, shi ya sa ya kamata su kasance a akwatinka tun kafin a buƙace su. Wani abu kuma da ke lalata kekuna a hannun yara masu sufana: fedar hagu a juye ake kwance ta.

Yi yarjejeniyar wata-wata da mai gyara guda, ya riƙa zuwa ranar da ciniki ya fi sanyi. Babban gyara, wato giris da boris da robar birki, a gama shi mako biyu kafin Sallah, tun masu kayan ba su ɗaga farashi ba.