Malam, a ina gishiri yake a jikin mace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibar ungozoma ce a nan Katsina, yanzu muna kan darasin ƙashin ƙugu da gaban mace. Yayata ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye, gwaggonmu ta ce gishiri ne ya tare hanya sai an yanka, da ƙyar aka kai ta asibiti aka yi mata tiyata. Na duba littafinmu kaf ban ga gishirin ba. Hankalina a tashe yake don ƙanwata ma ciki gare ta.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ba za ki gan shi ba don babu shi. Shekaru nake koyar da wannan darasi, duk aji sai an yi min tambayar nan.

Gobe in kin shiga aji ɗauki ƙashin ƙugun roba, ki zura 'yar tsanar jaririn nan ta ciki, ki lura da ƙayoyin ƙashi guda biyu na gefe da gefe, tsakaninsu kusan santimita 10 ne, nan ne wurin da ya fi matsi. In kan jariri ya fi ƙarfin hanya ko ya zo a karkace, ƙashi ne ya tare shi, to aska me za ta yi wa ƙashi?

Abin da ke ƙona min rai kenan. Wanzami ko tsohuwa ta sa aska ko reza ta tsaga bangon farji na gaba, a makance, cikin ɗaki mai duhu, alhali mafitsara da bututun fitsari suna manne da bangon nan, bututun ma dududu santimita 4 ne. Tsaga ɗaya ya isa ya huda shi, yarinya ta tashi fitsari na zuba ba tsayawa, ga jini, ga jaririn na nan inda yake. Ko ba a yanka ba, kan jaririn da ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi yana hana jini zuwa, naman ya mutu, bayan kwanaki ya ɓule. Ki je asibitin Babbar Ruga da ke nan Katsina ki ga matan da ake yi wa gyaran yoyon fitsari, aikin da Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara a can tun shekarun 1980. Wallahi wasu ba su kai ki shekaru ba.

Eh, akan haifi mace da tantani da ya toshe gaba tun daga halitta a ciki, amma ba kasafai ba, yawanci lokacin balaga ake ganewa in jinin al'ada ya ƙi fita, kuma aikin likita ne.

Ƙanwarki ta fara zuwa awo yanzu, a tanadi kuɗin mota, naƙuda na tashi a tafi asibiti. Gwaggo kuma ki zaunar da ita cikin ladabi, ki zana mata mafitsarar a takarda ta gani da idonta.