Amsa: Shirya tankin kifi maharbi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kifin nan mai tofa ruwa ya kakkaɓo ƙwari zai rayu a ruwan famfo zalla. Irinsa da ake kira Toxotes jaculatrix a kimiyyance ruwa mai ɗan gishiri yake so. Ka sa gishirin teku na tankin kifi, ba na girki ba, ka auna da hidromita, wato na'urar auna gishirin ruwa, awon ya tsaya tsakanin 1.005 da 1.010, ɗumi kuma digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Celsius.

Don Allah kada ka cika tankin. Bar kashi ɗaya cikin uku a sama, ka jingina rassa inda gyare zai sauka kifin ya harbe shi. Murfi dole ne, domin kifin yana tsalle ya faɗo waje. Matatar ruwan tankin kuma ta yi sati huɗu zuwa shida tana aiki kafin ya shiga, in ba haka ba amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, za ta ƙona masa gaɓoɓin numfashi.